Yadda Na Auna Wufar Nura Daga Cikin But

Na fi wata huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan magana. Sau biyu na fara rubutawa a bayan littafin da nake rubuta awon kwastomomi, sau biyu na yage takardar. Abin da ke hana ni, karatuna a firamare ya tsaya, ina tsoron in rubuta abin da masu ilimi za su yi wa dariya. Sannan in na rubuta, wanda bai ji labarin ba ma zai ji. Da na gaya wa matata Habiba haka, sai ta ce, "Malam, wai wa ya rage bai ji ba?" Na duba, na ga gaskiyarta. To ga shi nan. Ranar Asabar ɗin nan dai ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko na so in manta, kunnena na hagu zai tuna min.

Ni tela ne a unguwar Kinkinau, kuma ni mutum ne mai yawan damuwa. In na kulle shago na kai bakin titi, sai na dawo na sake taɓa kwaɗon. In na auna kafaɗar mutum, sai na sake aunawa, na kuma sakewa. Akwai wanda ya taɓa ce min, "Tela, ba fa girma nake ƙarawa a tsayen nan ba."

Maƙwabcina a layin shaguna Bitrus ne, mai haɗa kayan sauti a mota. Kwano ɗaya ne ya raba shagona da nasa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kullum da safe in ya buɗe shago, sai ya buga kwanon nan sau uku da gindin sukundireba ya ce, "Tela! An tashi lafiya?" Ni kuma in amsa da bayan almakashi. Ni nake ɗinka wa matarsa da matan cocinsu anko, shi yake gyara min wayar wuta in ta yi tartsatsi. Ban taɓa jin wani ya dawo masa da aiki yana faɗa ba.

Da yake kwano ba ya riƙe magana, duk abin da yake gaya wa kwastomominsa ina ji. Wata rana na ji yana yi wa wani bayani a kan wufa (ita ce babbar sifikar nan da ake sawa a akwatin katako a cikin but ɗin mota, wadda ba ta fitar da muryar mawaƙi sai gurnanin ganga, ka ji ƙirjinka na rawa). Ya ce masa, "Oga, bar kallon wat dubun nan da suka rubuta da manyan baƙaƙe. Wannan wutar da za ta iya shanyewa ce kafin ta ƙone. Ka dubi ƙaramar lambar nan mai dB a gefenta. Ita ce ke gaya maka ƙarar da za ta yi in an ba ta wuta wat ɗaya tak, an tsaya mita ɗaya a gabanta ana aunawa. Mai babbar lamba, wuta kaɗan ta ishe ta ta yi ihu." Daidai nan wani ya shigo min da wando a rage masa ƙafa, ban ji sauran bayanin ba. Amma rabin da na ji na riƙe shi gam, har ina jin kaina wani masani.

Sai bikin Nura ya matso. Nura ƙanin Habiba ne, ya sayi wata tsohuwar mota, ya ce shi ba za a yi bikinsa motar ango tana kiɗa kamar rediyon mai shayi ba. Ni na kama hannunsa na kai shi wurin Bitrus. Na ce masa, "Wannan ko ba ka nan ba zai cuce ka ba." Nura ya nuna wata wufa mai jan kwali, ya ce ita yake so. Bitrus ya dubi amfilifayar da Nura ya zo da ita (na'urar da ke tura wa sifika wuta), ya girgiza kai ya ce, "Ango, wannan ba ta dace da kayanka ba. Ɗauki mai baƙin kwalin nan." Ina tsaye ina gyaɗa kai kamar na san abin da ake yi. Aka haɗa, Nura ya tafi yana murna.

Bayan kwana biyu wani ya sayi mai jan kwalin, sai Bitrus ya miƙo min kwalayen biyu in riƙa zuba ƙyallaye, kamar yadda ya saba. Ni kuma ba na iya ganin rubutu a jikin kwali ban karanta ba. Na juya jan, na ga 93 dB. Na juya baƙin, na ga 88 dB.

Wallahi sai da na zauna a kan bencin kwastomomi. Na goge tabarau na sake dubawa. Casa'in da uku. Tamanin da takwas. Ashe wadda yaron nan ya nuna ita ce mai ƙarfi, Bitrus ya hana shi, ya ba shi rarrauna? Bitrus? Kuma ni na kai shi, ni na ba da shaida, har da gyaɗa kai!

Kwana uku abinci ba ya min daɗi. Na ɗinka wa wani aljihu a juye. In na tambayi Bitrus, kamar na ce masa macuci ne. In na yi shiru, na ɓoye cuta, kuma za a tambaye ni ranar gobe. Habiba ta gaji da ajiyar zuciyata ta ce, "Malam, mutumin nan fa taku biyu ne tsakaninku. Ka ɗauki kwalin ka ce, Bitrus, mene ne wannan? Shi ke nan."

Na ce, "Ke ba ki san yadda maza suke ba."

Ta ce, "Na san yadda kake dai."

Sai dabara ta zo min. Tunda awo ne, ai ni ma ma'auni ne. Ina da tef, mita ɗaya kuwa inci talatin da tara ne da ɗan ɗoriya. In na auna wufar Nura da kaina na ji ƙararta ta kai yadda ake so, sai in bar maganar a cikina, babu wanda ya ji. Na roƙi wani malamin makaranta da nake wa ɗinki ya sa min manhajar auna ƙara a waya. Ya ce ta me zan yi, na ce janareton maƙwabta. (Wannan ƙarya ma sai da ta ci min istigfari na yini guda.) Yadda zan san wat ɗaya ne ke shiga wufar, wannan ko a raina bai zo ba. Ni dai mita ɗayan nan na riƙe.

Ranar Asabar ita ce ranar kai lefe. Akwatunan suna Doka, gidan Gwaggo Lami, yayar baban Nura, matan duk sun taru can har da Habiba. Mu maza muna gidan surukaina a Rafin Guza. Bayan azahar Nura ya buɗe but a ƙofar gida yana nuna wa abokansa wufar, suna ta "Kai, ango!" Shi ma Bitrus ya zo, wai yana so ya shiga motar ya ji yadda aikinsa ke yi a kan titi, tunda bai samu ya gwada tana tafiya ba. Aka kira su cin abinci, suka shige zaure, suka bar but a buɗe, kiɗa na tashi a hankali.

Na duba gabas, na duba yamma. Na zaro tef daga aljihu.

Matsalar ita ce akwatin wufar yana can ciki, manne da bayan kujera, ni kuma gajere ne, hannuna bai kai tsakiyarta ba. Ni kuma ba zan yi awon da bakin tef bai taɓa inda ya kamata ba. Na ɗora gwiwa ɗaya a bakin but. Bai isa ba. Na ɗora ta biyu. Ina cikin daidaita bakin tef ɗin sai na ji muryar Bitrus daga zaure yana cewa, "Ango, mu tafi kada Gwaggo ta ci mu tara."

Mai hankali da sai ya sauko ya ce hularsa ce ta faɗa. Ni abin da na hango shi ne Bitrus ya fito ya same ni da tef a kan aikinsa. Sai na naɗe ƙafafuna na shige gaba ɗaya, na jawo murfin a hankali, da niyyar in bar ɗan tsagi har su wuce.

Ƙyas!

Duhu. Warin safayar taya da tsohon kafet. Na ce wa kaina, kwantar da hankalinka, in sun matsa sai ka kira Habiba ta turo wani. Sai na ji ƙofa ta buɗe, motar ta lotsa dama, ta lotsa hagu, inji ya tashi. A lokacin ne kawai na tuna cewa motar da za ta ɗauko lefe ita ce wadda nake ciki. Mita ɗaya na zo nema, ga shi tsakanin kunnena na hagu da bakin wufa bai fi taƙi ɗaya ba.

Na ji Bitrus ya ce, "To ango, ƙara mata wuta mu ji."

Jama'a, ban fara jin abin nan da kunne ba. A haƙora na ji shi. Sai a haƙarƙari, sai a cikin hanji, shinkafar da na ci da rana tana tsalle ita kaɗai. Iska na fita daga akwatin tana marina a kumatu, bum, bum, bum, hulata ta bar kaina ban san inda ta yi ba. Na yi kalmar shahada, ni kaina ban ji abin da na faɗa ba. Kuma ku ji irin halina: a cikin wannan bala'i sai da na ɗaga waya na dubi manhajar. Lambar ta haura ɗari ta tsaya cak, kamar ita ma ta suma.

Na fara dukan murfin da tafin hannu. Daga baya Nura ya gaya min cewa sun ji. Wai Bitrus ya karkata kai ya ce, "Tsaya, akwai abin da ke kaɗawa a baya. Ni ba na barin aiki yana kaɗawa. In mun isa zan duba." Ni ne abin da ke kaɗawa.

Sai na tuna da wayar Nura ce ake kiɗan. Na kira shi. Kiɗa ya yanke, duniya ta yi tsit, na ji muryarsa can nesa kamar daga rijiya: "Yaya Tela ne. Cewa zai yi in yi tuƙi a hankali." Bitrus ya yi dariya ya ce, "Bawan Allah, ai shi ko keke ya hau sai ya yi wa mai keken nasiha." Na buɗe baki zan yi ihu, sai kunyar Bitrus ta hana ni. Kafin in gama shawara da kaina, Nura ya kashe kiran. Bum, bum, bum.

Ban san minti nawa ne daga Rafin Guza zuwa Doka a agogon mutane ba. A nawa agogon, na tsufa a hanya. Duk ramin da ke titin nan na san shi da ƙashin bayana.

Motar ta tsaya. Kiɗa ya mutu. Murfi ya ɗaga, haske ya buge min ido. Abin da na fara gani mata ne a jere cikin anko (ni na ɗinka shi), kowace da akwati a ka ko a hannu, Gwaggo Lami a gaba. Na ga bakunansu sun buɗe gaba ɗaya. Na ga wani ƙaramin akwati ya faɗi, turare da sarƙoƙi sun watse. Na ga wata ta ruga cikin gida da takalmi ɗaya. Amma ban ji komai ba, kamar talabijin da aka kashe wa murya, sai wani siririn fito a cikin kaina. Daga baya aka ce min "Gawa!" suka fara cewa, da na motsa ƙafa suka koma "An sato mutum!" Maƙwabta suka fito, wani har da taɓarya. Allah ya taimaki Nura, Gwaggo ta leƙo da kyau ta ce, "Kai, ku tsaya! Ai mijin Habiba ne!"

Na fito da rarrafe, babu hula, rigata ta jiƙe sharkaf, tef na lilo a wuyana. Na hango Habiba ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. Nura ya riƙe ni yana girgiza ni, bakinsa na motsi. Na gane tambayata yake yi abin da ya kai ni ciki. Na ga dole in ba shi dalili, in ba haka ba zai ɗauka na taɓu. Sai na ja shi gefe kaɗan, na kai bakina kusa da kunnensa, na yi masa raɗa.

A ganina raɗa na yi.

"NURA, KADA KA GAYA WA KOWA! BITRUS YA SA MAKA ƘARAMAR WUFA! CASA'IN DA UKU KA NUNA, TAMANIN DA TAKWAS YA BA KA! INA JIN YA CUCE KA!"

Nura ya yi tsalle baya ya dafe kunne. Na ga duk kawunan da ke layin nan sun juyo, har mai taɓarya. Ba ni suke kallo ba, bayana suke kallo. Na waiwaya. Bitrus ne tsaye a bakin but, sukundireba a hannunsa, ya zo neman abin da ke kaɗawa.

Na taɓa ganin mutum ya yi fushi, na taɓa ganin mutum ya yi kuka. Fuskar da Bitrus ya yi ba ko ɗaya ba ce. Ya dube ni, ya dubi tef ɗin wuyana, bakinsa ya motsa kaɗan, ya sa sukundireba a aljihu, ya taka zuwa bakin titi ya tare keke. Sai da muka koma gida, kunnen dama ya fara buɗewa, na tambayi Habiba abin da ya ce. Ta ce, "Cewa ya yi, 'Shekara goma sha ɗaya, Tela. Kwano ɗaya ne tsakaninmu. Da ka ƙwanƙwasa.'"

Ranar Litinin na ji ya buɗe shago. Na riƙe almakashi ina jira. Kwano bai yi ƙara ba. Talata ma haka. Ranar Laraba Nura ya gaya min abokinsa da ya yi niyyar kawo wa Bitrus motarsa ya fasa, wai ya ji a gidan biki an ce mutumin yana musanya kaya, kuma maƙwabcinsa ne da kansa ya faɗa. A ranar na ɗauki kwalayen biyu, na zazzage ƙyallayen a ƙasa, na yi takun nan biyu da Habiba ta ce in yi tun farko.

Yana zaune yana feƙe waya. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ajiye kwalayen na ce, "Bitrus, mene ne wannan?"

Ya ɗago ya ce, "Yanzu ka tambaya?"

Na ce, "Yanzu na tambaya."

Ya ce, "Sa tabaranka. Karanta min abin da ke bayan 88 ɗin, ƙananan baƙaƙen."

Na karanta: 1W/1m.

"Wat ɗaya, mita ɗaya. To na jan fa?"

Na kai kwalin kusa da hanci. 2.83V/1m. Na ce, "Wannan ba iri ɗaya ba ne."

Ya ce, "Sannu da zuwa. Wannan ba su ce wat ɗaya suka ba ta ba, cewa suka yi sun tura mata bolt biyu da ɗigo tamanin da uku. A sifika mai om takwas, hakan wat ɗaya ne daidai, babu rigima. Amma om, ka ɗauke shi kamar ƙuncin maƙogwaro ne, in lambar ta yi ƙasa, maƙogwaron ya fi faɗi, ta fi zuƙar wuta. Mai om huɗu, a wannan turin wat biyu za ta sha. Jar nan om biyu ce, ga shi a rubuce. Wat huɗu ta sha." Ya ga ban gane ba, sai ya ce, "Tela, in na ba ka tuwo malmala ɗaya, na ba Nura huɗu, na ce ku yi ihu, ya fi ka, shi ke nan ya fi ka murya?"

Na ce, "A'a, ya fi ni tuwo."

"To. Duk ninki ɗaya na wuta, lambar tana ƙaruwa da uku. Ɗaya zuwa biyu, uku. Biyu zuwa huɗu, wani ukun. Cire shida daga casa'in da uku."

Na lissafa da yatsu, na sake lissafawa. Tamanin da bakwai. Na dubi baƙin kwalin. Tamanin da takwas. Ashe ni ne macucin.

Bai bar ni haka ba. Yana da irin wufofin biyu a shago, ya sa kowace a akwatin gwajinsa bi da bi, ya fitar da akwatin bayan shago inda babu bango kusa. Ya ce a cikin mota ba a wannan awon, domin mota rufaffiya ce, tana ƙara wa gurnani ƙarfi, kowace mota da irin nata ƙarin. Ya ce, "Balle a cikin but, da kan mutum a bakinta." Ya sa mitarsa ta awon wuta a kan wayoyin ya daidaita har kowace ta samu wat ɗaya, ya kunna wani sauti guda mai tsawo, ba kiɗa ba. Ya ce, "Kawo tef ɗin naka, yau ya yi amfani." Na auna mita ɗaya (sau uku), na riƙe wayata a wurin. Ya ce waya ba ma'aunin gaske ba ce, amma tunda ita ɗaya ce za ta saurari duka biyun, za ta iya raba gardama. Lambobin suka fito kusan ɗaya, baƙar ta ɗan ɗara da abin da kunne ma ba zai rarrabe ba.

Ya ce, "Kuma ba don wannan ma na hana shi jar ba. Amfilifayarsa ƙarama ce, ba a yi ta don om biyu ba. Da na sa masa, zafi za ta yi ta ɗauke ana tsakiyar rakiyar amarya. Sai ku ce Bitrus ya cuce ku."

Na ce, "Bitrus, ka yafe min. Don Allah."

Ya fara naɗe wayoyinsa ya ce, "Na yafe. Amma ka duba, Tela. A Doka ka faɗa, gaban mata talatin, da ƙarfin da ya fi na wufar. Yanzu a bayan shago kake ba da haƙuri, a hankali, daga ni sai kaji. Kai ma'auni ne. Awon ya yi daidai?"

Ban yi barcin kirki ba har ranar wunin biki, wanda a gidan Gwaggo Lami aka yi. Ni da ko a taron unguwa ban taɓa ɗaga hannu na yi magana ba, na ɗauki kwalaye biyu, ja da baƙi, na yi sallama a tsakar gida cike da mata. Ana ganina aka fara guɗa. Wata ta ce, "Mai but ya iso!" Wata ta ce, "Yau a ƙafa aka zo?" Na fara: "Dama, ranar nan, maganar da na yi a kan Bitrus..."

Gwaggo ta katse ni. "Ɗaga murya, ɗan nan. Ranar nan ai har Kawo an ji ka."

Na rufe ido na ɗaga. Na ce ƙarya na yi wa Bitrus, bai cuci kowa ba, shi ya ceci motar ango ma. Na ɗaga jan kwali na fara bayanin om biyu da malmala huɗu, na rikice a tsakiya, na koma farko. Gwaggo ta ce, "Mu dai ba mu gane tuwon nan ba. Mutumin kirki ne ko ba mutumin kirki ba ne?"

Na ce, "Mutumin kirki ne, Gwaggo! Ni ne ban tambaya ba!"

Ta ce, "To mun ji. Ku ba shi ruwa kada ya faɗi."

Daga nan na wuce inda abokan ango ke zaune a waje, na maimaita musu, na sa wanda ya fasa kai motarsa ya karanta ƙananan baƙaƙen da bakinsa. Bitrus bai zo wunin ba, ban kuma san wanda ya kai masa labari ba (ina zargin Habiba, ta hanyar matarsa). Ranar Litinin ina zura zare a allura sai na ji kwano: kwas, kwas, kwas.

"Tela! An tashi lafiya? Ko sai na haɗo amfilifaya kafin ka ji?"

Na rarumi almakashi na buga har sai da na lotsa kwanon. Lotsawar tana nan har yau.

Abin da na koya bai da yawa. Lamba biyu ba a gwada su sai an san da ma'auni ɗaya aka auna su, abin da ni tela ya kamata in fi kowa sani. Ƙaramin rubutu ya fi babba gaskiya. Kuma tambayar da kake jin kunyar yi a shago, in ka ƙi yin ta, za ka yi ta a gaban Gwaggo Lami ba hula.

Saura abu biyu da nake roƙon masu karatu. Na farko, kunnena na hagu har yanzu yana ɗan fito in wuri ya yi shiru. Na je asibiti an duba, an ce in guji ƙara in ba shi lokaci, amma in akwai wanda irin haka ta taɓa samu, ya gaya min wata nawa nasa ya yi kafin ya daina. Na biyu, makon jiya Bitrus ya ba ni wani kwali, an rubuta 95 dB, babu komai a bayansa, ba wat, ba bolt, ba mita. Na ƙwanƙwasa kwano na tambaye shi nan take. Ya ce shi ma bai san yadda suka auna ba, in zuba ƙyallayena in bar kwalin ya huta. Na zuba, amma kwana shida ke nan ina juya shi ina neman ƙaramin rubutu. Don Allah wanda ya san yadda ake gane irin wannan ya sanar da ni, domin Habiba ta ɓoye tef ɗin da nake zuwa da shi gida, Nura kuma yanzu ko fitsari zai shiga sai ya kulle but.